Yadda Hajiya Rabi Ta Sallami Masu Saƙo

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Mudi ya shigo ofishinmu ba, matarsa a gaba, shi a baya yana share gumi. Ku da kuka zo Guangzhou kwanan nan ba ku san shi ba sai a suna. Ɗan kasuwar jakunkuna ne, ya daɗe yana saro kaya a Shiling yana lodawa Kano, kuma mutum ne da ba a taɓa jin "a'a" a bakinsa ba. Ofishin namu a lokacin ɗaki ɗaya ne a saman wani kanti kusa da titin Guangyuan, na wata 'yar China da muke kira Madam Lin. Ita ce lawban, wato mai ofishin, ni kuma ni ke tarbar duk wanda ya shigo da sallama. Aikina yankan tikiti, cike takardun biza da kama wa mutane ɗaki a otal. Kano, Yamai, sai Jidda in lokacin Umara ya yi. Iyakar duniyata ke nan.

Hajiya Rabi ta zauna, ta miƙo min wayarta. Hoton wani ƙaton farin jirgin ruwa ne a gaban dutsen ƙanƙara.

Ta ce, "Nasiru, nan za ka kai mu."

Na ce, "Ina ne nan, Hajiya?"

"Alaska, can ƙarshen Amurka ta arewa. 'Yata ta ce babu Bahaushe ko ɗaya a wurin."

Na ce wannan kam ba zan iya rantsuwa a kai ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun da ta auri Alhaji ba ta taɓa yin tafiya a matsayin mutum ba, kullum a matsayin 'yar gadin kaya. Sun je Umara, ta yi yini a filin jirgi tana zaune kan kwalayen cajar waya na wani da ko sunansa ba ta sani ba. Sun je Dubai, abin da ta gani a Dubai shi ne bayan Alhaji yana neman gidan ƙanin abokin wani don ya ba shi takalma.

Ta juya ta kalle shi, ta ce, "A gaban Nasiru nake faɗa. In na ga saƙon wani a tafiyar nan, fasfona zan ɗauka in koma Kano, ka zauna da jakunkunanka."

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, wane irin saƙo kuma? Wa ma zai sani?"

To, bari in yi muku bayanin yadda irin wannan tafiya take, don ni ma a kanta na koya. Kashi biyu ce. Ana hawa jirgin ruwan a Vancouver ta ƙasar Kanada, a yi kamar mako guda ana bin gaɓar teku zuwa arewa, ana ci ana sha ana kallon ƙanƙara da manyan kifaye. In an sauka a Alaska sai a shiga jirgin ƙasa a nausa cikin daji, a kwana a wasu masaukai na katako, a zaga da bas ana kallon namun dawa. Saboda haka biza biyu ake nema, ta Kanada da ta Amurka. Kuma da bazara kaɗai ake yi, don in sanyi ya shigo jiragen ma guduwa suke. Na sha wuya, ba ƙarama ba. Na rubuta wa kamfanin jirgin a kan abincin halal, na nemo musu ɗaki mai taga, na buga wa wani malami a Kano waya ya yi wa Alhaji bayanin lokutan salla a ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa. Allah ya taimake mu bizar duka ta fito. Wallahi har wani taƙama nake ji, ni ma na zama mai shirya yawon duniya.

Rigar sanyi ce ta tona mana asiri. Kamfanin ya ce ko da bazara a zo da kayan sanyi, sai na raka Alhaji kantunan Guangyuan nema, a watan da garin nan ke dafa mutum da ransa. Duk shagon da muka shiga sai a kalle mu a ce "meyo", wato babu. Da ƙyar wata tsohuwa ta zaƙulo mana wata jibgegiyar riga daga ƙuryar sito. Alhaji ya ɗora ta a kan kaftani, ya ja hular rigar ta rufe masa kunne, yana jujjuyawa gaban madubi, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Sai ga Ɗanlami mai takalma, wanda duk ƙofar da labari ya shiga ta nan yake fita.

"Subhanallahi! Alhaji, zazzaɓi ne?"

Na yi wa Alhaji ido, na yi tari, na taka masa ƙafa. Ina! Sai cewa ya yi, "Lafiya lau, Ɗanlami. Amurka za mu ɗan leƙa, a sa mu a addu'a."

Kafin a sauko daga sallar Juma'a, babu Bahaushen da bai ji ba, daga Shiling har tashar kwantena ta Huangpu. Kun dai san halinmu. Mutum ba ya jin za ka wata ƙasa bai tuna yana da ɗan'uwa a can ba, kuma ƙin karɓar saƙo abin kunya ne da za a yi ta faɗa har a wurin sunan jikanka. Alhaji bai iya ƙi ba, bai kuma isa ya kai gida ba. Sai ya samo dabara: duk wanda ya tare shi, sai ya ce, "Kai wa Nasiru ya ajiye."

Ranar Litinin na zo na tarar da layi a matakala. Wannan ya kawo kilishi a kai wa yayansa a New York. Wancan daddawa da kuka da yaji, na ƙanwarsa a Houston. Ɗanlami ya kawo ganamasgo guda cike da samfurin takalma, duk ƙafar hagu, a nuna wa wani a Atlanta. Na ɗauko taswira na shimfiɗa a tebur, na ɗora yatsa a Alaska, na miƙa ɗaya hannun har ƙarshen tebur na taɓa New York. Na ce, "Jama'a, ku duba nisan nan don Allah."

Ɗanlami ya leƙa ya ce, "To ai duk Amurka ce. In ya sauka sai ya ɗan ratsa."

Na ce kwastan ɗinsu ba sa barin a shiga da nama. Aka ce a naɗe shi cikin zani. Na ce a zangon daji 'yar jakar hannu kawai ake barin mutum ya riƙe, kuma dajin cike yake da beyar, wata ƙatuwar dabba mai hancin tsiya da ke jiyo ƙamshin nama daga nesa ta biyo shi har ƙofar ɗaki. Mai kilishin ya ce, "Ai da yaji sosai, ba za ta iya ci ba."

Na kira Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wuta ce fa kake hurawa."

Ya ce, "Nasiru, kai yaron kirki ne. Ka san yadda za ka yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya kwashi albarka a masallaci, ni aka bari da warin daddawa. Madam Lin ta fara zuwa aiki da takunkumi biyu a hanci. Ta nuna tulin kayan da ya kusa taɓa fanka, ta ce min in dai ofishin kaya nake so in buɗe, Huangpu na nan, ba a rufe ta ba.

Ana saura 'yan kwanaki tafiya, Hajiya Rabi ta zo karɓar fasfo ba tare da ta sanar ba. Tun daga matakala hancinta ya ba ta labari. Ta shigo, ta tsaya, ta bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunayen da aka rubuta a jiki. Alhaji na bayanta, ya zama kamar kazar da ruwa ya daka.

Ta ce, "Nasiru, ba ni fasfona."

Na miƙa mata da hannu biyu, ina ganin wahalata ta tafi a banza, ga auren mutane na rawa a ofishina. Ta jefa shi a jaka, sannan ta ce, "Gobe bayan la'asar ka tara min duk masu kayan nan. Ka ce Hajiya na son yi musu godiya."

Washegari ofis ya cika har baranda. Hajiya ta zo da lemo da biskit, ta gaisa da kowa, ta tambayi iyalin kowa da suna. Ta ce ta ji daɗi da aka ɗauke su 'yan'uwa har aka ba su amana, kuma in Allah ya so kowane saƙo zai isa. Aka yi ta sa mata albarka. Alhaji ya fara murmushi, bawan Allah.

Sai ta ce, "To, ni ma ga 'yar tawa buƙatar. Kun san 'yata za ta tare a sabon gida a Kano, kuma na ji yawancinku kuna hanyar gida a watan nan. Ɗanlami, kai ka riƙe min tayil na banɗaki, kwali huɗu ne kacal. Alhaji mai kilishi, kai kuma firji, ƙarami ne, ba mai ƙofa biyu ba. Ba ta kwantena nake so ba, tana daɗewa. A cikin kilonku na jirgi za ku sa min."

Ku da kuke yankan tikiti kun san abin da kilo yake a wurin ɗan kasuwa. Mutumin da zai sa riga biyar a jikinsa ya cusa wayoyi a safa don kada ya rasa rabin kilo, shi za a ce ya ɗauki tayil? Kuma ba dama ya ƙi, don yanzun nan ya gama sa albarka a kan nasa saƙon.

Ɗanlami ne ya fara gyaran murya. Ya ce shi yanzu ya tuna, mutumin nan na Atlanta ya ce zai shigo China da kansa. Mai kilishi ya ce dama likita ya hana yayansa cin nama. Mai daddawa ya ce ƙanwarsa ta kusa zuwa gida, sai ya ba ta hannu da hannu. Kowa ya sunkuci kayansa yana "Allah ya kiyaye hanya, Hajiya," yana neman ƙofa. Madam Lin ta riƙe musu ƙofar tana ta "shiye-shiye", godiyar da ban taɓa jin ta yi wa mai sayen tikiti ba.

Mutum ɗaya ya rage a kujera, Baba Yusufu, wani dattijo daga Maraɗi mai sarin batir da tocila. Shi Hajiya ta ɗora wa injin markaɗe.

Ya ce, "Hajiya, na ɗauka. Zan rage batir. In na sauka Yamai sai in sa shi a mota har Kano."

Ta ce, "Baba, injin markaɗe fa na ce."

"Na ji."

"To mene ne naka saƙon da har ya kai haka?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar hular yara, ɗinkin hannu, a cikin leda. Ya ce ɗansa na tuƙin tasi a Vancouver, an yi masa haihuwa, su ba su taɓa ganin yaron ba sai a waya. Tsohuwarsa, kakar yaron, ce ta ɗinka, ta kuma ce kada a sa a gidan waya, so take ta isa a hannun wanda zai dawo ya faɗa mata yadda ta zauna a kan yaron. Ya ce ya daɗe yana yawo da ita, bai sami mai zuwa can ba, har yana tsoron kan yaron ya fi ta.

Hajiya ta karɓa, ta jujjuya ta, ta buɗe jakarta ta sa kusa da fasfo. Ta ce, "Ba wa Nasiru lambar ɗan naka. Kuma babu wani inji, Baba. Ni ko tayil ɗin ma ban saya ba."

Alhaji ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya matso. "To Hajiya, tunda an fara, ai takalman Ɗanlami ma ba su da wani nau..."

Kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran.

Sun tafi, sun dawo lafiya. Ɗan Baba Yusufu ne ma ya ɗauke su daga filin jirgi ya kai su tashar jirgin ruwa, kuma hula ta zauna daram. Da Hajiya ta kawo min tsarabar kifi a gwangwani, na tambaye ta me ya fi burge ta, ƙanƙarar ko dajin. Ta ce duk sun yi kyau, amma ba su ba ne. Ta ce kwana biyun farko Alhaji ya rasa inda zai sa hannuwansa, yana ta waige-waige kamar wanda ya yi mantuwa. A rana ta uku, da ya rasa abin ɗauka, sai ya karɓi jakarta ya rataya, ya bi ta a baya suna zaga jirgin.

Abin da na koya, ku ma ku riƙe, shi ne biza da tikiti su ne mafi sauƙi a aikin nan. Mutumin namu ba ya tafiya shi kaɗai, gari guda ne ke biye da shi, kuma ba mugunta ba ce, haka muka iya zumunci. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zauna a gabana ya ce hutu zai tafi, kafin in karɓi fasfonsa nake tambayarsa, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wa da wa ka riga ka faɗa wa?"