Tambayar Grema mai gidan waya

Mutanen bakin Komadugu sun daɗe suna cewa Grema mai gidan waya ba shi da kara. Ni da na san dalili, maganar tana ƙona mini rai.

Ƙanen uwata ne. Mahaifinsu, Ba Kalli, manomin tattasai ne a Diffa, lokacin garin bai wuce 'yan gidaje ba. Grema kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, kansa ya ja, har aka tura shi Dakar koyon aikin waya: a ƙwanƙwasa saƙo da ɗan ƙarfe, wani a can nesa ya ji da kunne ya rubuta. A 1956 aka maido shi Damagaram ya yi wata shida na gwaji. Duk wanda ya bar kujerarsa kafin jarrabawa, karatun shekara uku ya tafi a banza.

Ana saura kwana goma sha biyu, ciwo ya kayar da Ba Kalli. Ya ce a kira masa Grema. Maina, ƙanen Grema, ya hau raƙumi, kwana biyu zuwa Maine-Soroa inda waya take, ya ce a buga: "Jikin Baba ya tsananta, ka zo."

To, a wajenmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa daga nesa. In ka ji an ce jiki ya tsananta, an riga an dawo daga maƙabarta. Maina ya san haka sarai, ya sha aika irinsa. Amma ran nan gaskiya tsagwaronta ya faɗa, bai ko tuna ba.

Grema da kunnensa ya karɓi saƙon. Ya buga Maine yana tambaya, aka ce mai raƙumin ya juya. In tsohon ya rasu, tafiya ba za ta maido shi ba. In yana raye, kwana biyar ne a babbar mota. Yini guda bai ci abinci ba. Da la'asar ya kai saƙon wurin wani dattijo ɗan Bosso, mutumin wajenmu, mai sayar da banda.

"Ɗana, ka san maganarmu," in ji dattijon. "Allah ya jiƙansa."

Grema ya yi sadaka, ya koma kujerarsa.

A Diffa kuwa uwata Fanna ta juya wa tsohon shimfiɗa ya fuskanci hanya. Ko jaki ya wuce sai ya ɗaga kai.

"Shi ne?"

"Tukuna, Ba."

Grema ya ci jarrabawa, ya taho ta'aziyya da takardarsa a aljihu. Ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana rabon sadaka.

"Ya Fanna, yau kwana nawa?"

"Uku."

Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa.

"Sati biyu yana kallon hanya," ta ce. "Wayar ba ta same ka ba?"

Grema bai taɓa ɗora wa Maina laifi ba.

Shekara talatin ya yi yana aiki a Maine. Duk wanda ya kawo saƙon rashin lafiya, ko dattijo ne mai rawani, sai Grema ya ajiye alƙalami ya dube shi.

"Yana da rai ko ya rasu?"

Wasu su yi tsaki, wasu su fita suna zaginsa. Ba ya bugawa sai an faɗa. In aka ce da rai, sai ya ƙara da hannunsa a ƙarshen saƙon: yana raye, yi sauri.