Aron Katanga

Gidanmu na Samaru ba gidan a-zo-a-gani ba ne. Ginin ƙasa ne a wani lungu bayan kasuwa, zaure ɗaya, ɗakuna huɗu, da rijiyar da ruwanta ke yin ja duk damina. Amma a can na fi jin daɗin duniya, saboda kakarmu Iya Abu. Ƙuli-ƙuli take yi na sayarwa, kuma ba ta suyar gyaɗa sai bayan sallar isha'i, in gari ya yi sanyi. Za ta ɗora babban kasko a murhu tana juyawa da sakaina, mu jikoki mun kewaye ta da faya-fayai muna murza wadda ta huce. Ladanmu tatsuniya. Wanda aka kama yana ci fiye da yadda yake murzawa kuwa, nasa ladan muciya ce a gadon baya. Ni na fi kowa shan muciyar nan. Da yake ni ne babban jikanta namiji, maigida take ce mini, kuma kullum sai ta yi mini gori.

"Ku dubi maigidan da Allah ya haɗa ni da shi. Ba cefane, sai cinye jari."

Murhun Iya yana jingine da katangar gabas, kuma bayan katangar nan ɗakin Mama Saratu ne. Ita da mijinta daga wani ƙauye gaba da Bomo suka zo, 'yan asalin Maguzawa ne da suka shiga coci. Mijin lebura ne a gonar gwaji ta jami'a. Lokacin da ya sami ɗan fili kusa da namu bai da ƙarfin tayar da bango huɗu, sai kakanmu ya ce masa ya gina uku, ya ɗora azarar rufinsa a kan katangarmu. Haka ake yi a lungunmu a da, aron katanga ake ce masa. Ba takarda, ba shaida. Abin da kawai ke kan mai aro shi ne kowace shekara kafin ruwa ya sauka a kwaɓa ƙasa tare a yi yaɓe, su ta gefensu, mu ta namu. A jikin katangar akwai wata 'yar kafa da hannu ke iya shiga. Ta nan garwashi ke wucewa a kan sakaina, da gishiri, da daddawa, da naman layya, da shinkafar Kirsimeti. Ta nan kuma Mama Saratu ke sauraron tatsuniyar Iya tana kwance a gadonta, in ta ji an yi tsallake ta ɗaga murya ta gyara.

Akwai wadda Iya ta fi yawan ba mu, har muka haddace waƙarta. Sai ta gyara itace, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zo ta sami wuri."

Wai kurciya da hasbiya ne suke zaune a kogon wata tsohuwar kuka, kowacce da ɗakinta, itace ɗaya ne ya raba su. Aka yi shekarar yunwa, tsuntsaye na faɗuwa daga reshe. Sai ga sarauniyar gara ta zo da rundunarta, ta sami kurciya ta ce tana son sayen bangon ɗakinta da mudun gero. Kurciya ta ce, "Bangon nan ai ni da hasbiya ne." Gara ta ce, "Wa ya yi zancen hasbiya? Gefenki kawai nake so. Ba naki ba ne?" Kurciya ta duba, ta ga lalle nata ne. Ta leƙa ta ga hasbiya na kwance kan ƙwai uku, ta ce a ranta bari sai gobe ta gaya mata, kada ta tayar mata da hankali. Ta karɓi gero ta tashi zuwa wata bishiya. Gara suka kwana suna ci. Da gari ya waye babu gefen kurciya, babu na hasbiya, ƙwai uku suna ƙasa a fashe. Shi ya sa har yau, in ji Iya, in rana ta take za ka ji kurciya ita kaɗai a kan reshe tana ta nanata magana ɗaya. A nan sai Iya ta ƙanƙance murya ta rera, mu amsa:

"Gefena na sayar, gefena kaɗai,
wa ya ce na yi ƙarya?"

Wani dare na tambaye ta ko hasbiya ta rama. Kafin ta amsa sai muka ji Mama Saratu ta bayan katanga: "Da me za ta rama, ɗan nan? Ai ƙwai ba ya komawa." Iya ta ce, "Ka ji, matar liman ta yi fatawa," aka kwashe da dariya ta gefe biyu. Sannan ta sauke kasko ta ce, "Nan ta tsaya. Wanda ya ji, ya riƙe abinsa." Ni dai a lokacin na ɗauka labarin wata shashashar tsuntsuwa ne mai kwaɗayi, kuma na tabbata ko a mafarki ba zan yi irin nata ba.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Na girma, na sami aiki a Kaduna, gida sai ranar Sallah. A shekarun nan garin ya juye a hannunmu. A Sabon Gari aka riƙa rushe tsofaffin gidajen haya masu ɗakuna jere ana tayar da filaza, wato benen shaguna, waɗanda suka shekara talatin a ɗaki ɗaya aka ba su wata uku su kwashe. A Samaru kuma ɗalibai ne suka zama amfanin gona. Duk mai kuɗi so yake ya sami gida kusa da titi ya baje shi, ya gina bene mai ƙananan ɗakuna, kowanne da banɗaki a ciki. Masu magana a rediyo suna cewa gari ya ci gaba, kuma ban ce ƙarya suke ba: an sa kwalta, an sa fitilu. Sai dai lungunmu gida-gida ya riƙa ɓacewa. Benen da aka gina a yammacinmu tagoginsa tsakar gidanmu suke kallo, har mahaifiyata ta daina cire mayafi a cikin gidanta. Ruwan kwatarsu kuma ƙofar zaurenmu yake kwana.

Da mahaifinmu ya rasu, mu tara muka gaji ɗakuna huɗu. Ba mai iya sayen rabon wani. Dillalai kuwa tun ba a yi sadakar bakwai ba suka fara zuwa gaisuwa sau biyu a rana. Aka zauna aka yanke a sayar, mahaifiyarmu ta koma wurin ƙanwata a Palladan, ni kuma a matsayin babba aka ce in tsaya kan ciniki. Mai sayen wani ɗan kasuwa ne daga Sabon Gari da ban taɓa gani ba sai sau ɗaya. Dillalinsa, Malam Ɗanjuma, shi ya zo ranar awo da mai igiyar awo. Suka bi kusurwa-kusurwa har suka iso katangar gabas, inda baƙin hayaƙin murhun Iya yake nan bai goge ba. Mai awo ya dafa ta ya ce, "Wannan ta wace ce, taku ko tasu?"

Na ce, "Tamu ce. Kakana ya gina ta."

Gaskiya na faɗa. Amma ina faɗa ina kallon kawunan azara shida da suka ɗan leƙo ta saman katangar, kuma na san abin da suke ɗauke da shi. Mai awo ya shafa jan fenti, ya wuce.

Na yi niyyar shiga in gaya mata, Allah shaida ne. Na fita na zagaya har ƙofar gidanta. A lokacin mijinta ya daɗe da mutuwa, 'ya'yanta sun watse, ita kaɗai ce da wata jika. Na tsaya riƙe da labulen buhu. Matar nan ita ta yanke mini cibiya, ita ta goya ni ranar da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Da wane baki zan dube ta in ce na sayar da bangon da take kwana a jikinsa? Kunya ta rufe ni, irin wadda aka koya mana tun muna yara, cewa ba a kai wa babba magana mai nauyi ido da ido, aike ake yi. Na saki labulen na koma na sami Malam Ɗanjuma, na ce don Allah ya je ya yi mata bayani, a ba ta lokaci ta tokare rufinta.

Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, wannan ai aikina ne. Ka bar mini."

Na bar masa, na hau mota na koma Kaduna, har ina jin na sauke nauyi. Bai je ba. Daga baya na gane dalili: in ta ji, za ta kai wa mai unguwa, magana ta yi tsawo, ciniki ya yi sanyi. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya da na san haka zai yi. Ban so in yi tunanin ba ne.

Ranar wata Lahadi da safe aka kawo katafila, farkon damina. Tana coci ita da jikarta, kuma wannan kaɗai ne abin da nake gode wa Allah a kai. Direban aikinsa aka ba shi, jan fenti ya bi. Da katangar ta tafi, azara ta zame, rufin ƙasa ya rufto gaba ɗaya cikin ɗakin. Gadon ƙarfenta, da kwanukan samira da ta jera tun na aurenta, da hoton mijinta, da Littafinta mai tsarki, da buhun masara, duk suka koma ƙarƙashin ƙasa. Da yamma aka yi ruwa a kai. Wanda ya sayi gidanmu ya ce shi iyakarsa ya rushe, kuma ba wanda zai ɗora masa itace a jikin bulo. Filinta ya yi ƙanƙantar da ba za a tayar da sabon bango a ciki ba. Kafin kaka 'ya'yanta suka sayar masa da shi shi ma, a yadda ya ga dama, domin gida mai bango uku ba ya da mai taya.

Shekara biyu ina kauce wa Samaru. In na bi titin dole, ina ganin benen, hawa uku, fenti ruwan ƙwai, shagon gyaran waya a daidai inda murhu yake. A cikin shekarun nan ne tatsuniyar ta riƙa dawo mini, ba don ina nemanta ba. Na fahimci abin da ban gane ba ina yaro: kurciya ba muguwa ba ce, kuma yunwarta ta gaske ce. Nata ta sayar. Mu ma namu muka sayar, a kan doka da shari'a, kuma da mun ƙi, da ruwan kwata ya ci gidan. Laifin ɗan ƙarami ne ƙwarai, taku goma ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ladabi na kira shi a lokacin. Na ɗauka girmama ta nake yi, alhali fuskata nake karewa.

Bara na yi ƙarfin hali na neme ta. Tana Basawa wurin wani jikanta, ɗaki ɗaya na haya da matarsa da yara uku, shimfiɗarta a bayan ƙofa. Idonta ya tafi, amma ina yin sallama ta ɗaga kai.

"Maigidan Iya ne? Shigo, shigo. A ba shi kujera."

Ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da 'ya'yana da ba ta taɓa gani ba. Na durƙusa na fara abin da na shekara biyu ina shiryawa, na ce Mama ki yafe mini, gida ne na gado, ba yadda muka iya. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Wa ya ce kada ku sayar? Katangar kakanka ce, aro aka ba mu, mun kuwa ci aro shekara hamsin. Ni ba wannan ba ne." Ta shafa gwiwarta. "Ranar da kuka zo da masu awo, ina ciki. Na ji muryarka, na ji ka ce tamu ce. Na ji takunka har bakin ƙofata. Na ce wa yarinyar nan ta ɗora ruwa, ɗana zai shigo, a dama masa kunu. Da ka shigo ka faɗa da bakinka, ko kwana ɗaya ka ba ni, ai da na fitar da hoton mutumin nan. Shi ke nan guda ɗaya da ya taɓa ɗauka."

Ta sa aka kawo mini ruwa na sha, ta yi mini addu'a irin tasu, na amsa da amin irin tamu. Da zan tafi na ajiye mata abin da na zo da shi a gefen tabarma. Ta laluba ta tura wa matar jikanta ba tare da ta tambayi ko mene ne ba, ta ce in gaida gida. Biyu daga cikin yaran suka rako ni bakin titi, ƙaramin yana tambayata wai da gaske na san kakan babansu, yaya kamanninsa suke.