Labulen Barba Frane

Shekara talatin da ɗaya Barba Frane ya yi yana tsaron fitilar hasumiyar tsibirinmu, mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Da aka sa mata na'ura mai kunna ta da kanta, aka mai da ƙasan hasumiyar gidan tarihin teku, sai aka bar shi yana koya wa yara ƙullin igiya ranar Asabar. Abu guda ne bai daina ba: kullum da safe sai ya hau matakala ɗari da huɗu, ya ja labule ya rufe ƙaton gilashin fitilar. 'Yarsa Lucija ce ta ɗinka labulen da tsohuwar tamfol, shekara biyu kafin ta rasu. Ba ya zancen. Wankin labulen dai da hannunsa yake yi.

Sabuwar shugabar gidan, Dunja, 'yar birnin Zagreb ce. Ta ce, "Barba, baƙi hoto suke so. Gobe ranar iyalai ce, tsummokaran nan sun yi ritaya."

"A ranar nan ta Agusta? 'Yata, gilashin nan in rana ta doke shi wuta yake kunnawa."

"Kai dai kishi kake yi, kar a kalle maka shi."

"Ko matata ban ɓoye haka ba."

Duk da haka ta sa aka ninke labulen aka kai ɗakin ajiya.

Washegari yara suka naɗa jiragen takarda, aka jera su a kan katakon da ke gaban gilashin. Barba ya hau da bokitin ruwa, yana hutawa duk bayan matakala ashirin, ya samu kujera ya zauna.

Can da rana ta ɗaga, wata mata ta shinshina ta ce wa mijinta, "Kifin da ake gasawa a ƙasa ne ke ƙonewa?"

Ashe wani jan jirgin takarda ne ke hayaƙi. Barba ya bari sai da Dunja ta gani da idonta, sannan ya kwara ruwa. Yara suka hau tafi, har mai jirgin, suna cewa a sake.

Dunja ce da kanta ta hau da labulen, tana haki.

"Minti biyar duk Asabar," in ji ta. "Ka buɗe, ka ƙona musu jirgi ɗaya, ka rufe."

"Minti uku," in ji Barba, yana miƙa mata gefen labulen. "Riƙe nan. Ba haka ba, a juye kika kama."