Baƙin Mai a Yatsun Maigidana

Shekarar da aka hana hawa babur a yankinmu saboda 'yan bindiga, maigidana ya sayo keke a kasuwar Sabon Birni. Ɗan gwanjo ne mai ƙatuwar taya, irin waɗanda ake shigowa da su ta Nijar, wai a ƙasar da aka ƙera shi duwatsu ake hawa da shi. Faranti ɗaya mai haƙora gare shi a gaba, wanda sarƙa ke hawa, giyoyi jere a baya. Ya turo shi tsakar gida yana washe baki kamar wanda aka biya wa Makka. Ni dai na dube shi na ci gaba da tankaɗena.

Ba a jima ba keken ya nuna halinsa. Gonarmu tana bayan Gangara, hanyar kuwa duk gargada ce da ramuka. Da taya ta faɗa rami sai sarƙa ta yi tsalle ta sauka daga kan faranti, feda ta riƙa juyawa a banza. Dole ya sauka, ya tsuguna, ya mayar da ita da hannu. Kullum ya dawo yatsunsa baƙi ƙirin da baƙin mai, ya shafa min a buta, a labule, a rigar da na sha wuyar wankewa. Na yi mita har bakina ya gaji.

Amma ba wanki ne ke hana ni sukuni ba. Akwai wani kwari a hanyar, mai duhuwar sabara, inda 'yan bindiga ke ratsawa in za su ƙetara daji. Kowa ya san ba a tsayawa a wurin, a guje ake wucewa ana addu'a. Ruwa ya zaizaye hanyar a nan fiye da ko'ina, kuma a nan ne sarƙar ta fi son sauka. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, tun daga fitarsa har in ji sallamarsa.

Wata rana na tare shi a ƙofa.

"Malam, wanga keke bai da amana. Ka aje shi ka tahi ƙasa."

"In tahi ƙasa in isa yaushe? Noma ba ya jiran mai tahiya ƙasa."

"To a bar gonar bana."

"Mu ci mi?"

Sai na huce a kan turmi.

Ranar kasuwa ya kai keken wajen wani abokinsa mai gyara a gindin bishiyar bedi kusa da tasha. Ya dawo yana ba ni labari dalla-dalla, ko da yake ban tambaye shi ba. Sarƙar ta yi tsawo ta saki, an rage ta. Haƙoran farantin sun cinye. Akwai wani faranti mai haƙori ɗaya kauri ɗaya siriri da ke riƙe sarƙa gam, amma sai Sakkwato ko Maraɗi, kuma wa zai bi hanya don faranti a wannan zamani? Sai suka yanko gefen tsohuwar jarka, suka lanƙwasa, suka ɗaure da noti a jikin keken, ya yi wa sarƙar rumfa. Ko ta yi tsalle, sai ta bugi rumfar ta koma mazauninta. Abokin ya kuma hana shi yi mata wanka da baƙin mai, don yashi yake tarawa. Tsumma kawai, da ɗigon mai mara kauri.

Man keken ɗinkina ne ya biya wannan shawara. Kwalbar ta riƙa raguwa, shi kuma yana rantsuwa wai zafi ne ke shanye shi.

Duk daminar nan sarƙar ba ta sake sauka ba. In ya shigo, hannunsa nake fara duba kafin fuskarsa, in gan shi fes, sai ƙasar gona. Na fara cin abinci da rana kamar kowa.

Abu ɗaya ya rage. A wajenmu ba a wuce mutumin da hanya ta tsayar. Ko jaki ne ya kayar da kaya, ko amalanke ta kafe, dole ka tsaya ka kama masa. Wanda ya wuce, gari zai yi da shi har jikokinsa. Na ce masa wannan al'adar zaman lafiya ce, yanzu kowa ta kansa yake yi.

"Lokacin da sarƙata ka sabka," in ji shi, "wa ni so ya wuce ni?"

Da kaka, ana yankan gero, muka ji harbi daga nesa bayan la'asar. Kafin rana ta faɗi sai ga maza da amalanken shanu, gawa biyu a kai an rufe da zane, keken maigidana a gefe. Ɗaya shi ne, ɗayan wani dattijo ne daga wajen Kurawa, ko saninsa ba mu yi ba. A kwarin aka same su. Babu wanda ya ga abin da ya faru, sai na ji ana cewa a zaure, "Sarƙar nan ce ta ci amanatai."

Na fita na dubi keken. Sarƙar tana kan farantinta, rumfar jarka tana nan daram.

Da aka shigo da shi ɗaki, na ɗaga zanen na kamo hannunsa. Yatsun baƙi ƙirin, da mai mai kauri cakuɗe da yashi, irin wanda ya daina taɓawa tun farkon damina. Daga baya aka ce an tarar da keken dattijon a kife, sarƙarsa rabi a kan faranti.

Na yi fushi da shi ranar, fushin da har yau bai gama sauka ba. Amma na san da ya wuce dattijon nan, da wani mutum ne daban zai shigo min gida.

Na roƙi masu wanka su dakata. Na ɗauko tsumma da sabulu, na zauna na goge masa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ban yi mita ba.