Hoton da Bai Fita a Jarida Ba

Aikina ɗaukar hoto ne wa wata jarida mai ofis a Kaduna, ni kuma ina zaune a Kafanchan, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Yawancin ranakun aikin ba su da abin ba da labari. Yau ka je Kwoi ka ɗauko buhunan citta a kasuwa, gobe shugaban ƙaramar hukuma zai buɗe rijiyar burtsatse, ka tsaya a rana har ya gama jawabi. Abin da ya fi damuna a irin waɗannan ranaku shi ne batir, sai na kai wa mai shagon caji na bakin titi, in zauna kan benci ina jira.

Mahaifina Bahaushe ne, Musulmi, ɗan cikin gari. Mahaifiyata 'yar Fadan Kaje ce, a coci ta tashi, kuma har ta rasu ba ta daina rera waƙoƙin zumuntar mata ba idan tana wanke-wanke. Sunana na gidan uba ne, amma na iya yaren uwa. Idan ana zaman lafiya ba gidan da ba na shiga. Idan gari ya ɗauki zafi kuwa, duk inda na tsaya sai a ƙare mini kallo.

Wata safiya a ƙarshen damina, masara ta nuna, edita ya kira ni ina wanke fuska. Ya ce an kai hari wani ƙauye bayan Godogodo, ko na ji? Na ce na ji. Tun kafin ya kira, matan unguwa da suka je ɗibar ruwa sun dawo da labarin.

"To ka tashi," in ji shi. "Ina son hotuna kafin la'asar."

Matata tana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ta ji komai.

"Maigida, ba wanda za su tura sai kai?"

"Ni ne a kusa."

"Shi yana can Kaduna ƙarƙashin fanka," ta ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini jakar kamara da kanta, ta miƙo mini ba ta kalle ni ba.

Akwai ɗan acaban da na saba hawa, mutum mai furfura, dattijon ikilisiya ne a cocinsu, don haka kowa Dattijo yake ce masa. Ni kuma Mai Hoto yake kirana. Da na gaya masa inda za mu, sai da ya cire hula ya yi gajeriyar addu'a, sannan ya ta da babur.

Tun daga fitowarmu gari, kowa gari yake nufa, mu kaɗai muke fita. Mata da ƙullin kaya a ka, yara suna jan awaki, wani tsoho a kwance cikin baro ana turo shi. Na so in ɗauka, amma hannuna ya ƙi shiga jaka.

Mun wuce Godogodo, mun sauka daga kwalta zuwa jar hanya, sai ga gungumen itace an gitta. Samarin yankin ne suka tare hanyar, wasu da gora, wasu da adda, wasu da kwari da baka. Idanunsu jajur, da gani ba su runtsa ba. Wanda yake gabansu dogo ne, sanye da rigar ƙwallo. Ya nuna jakata da bakin adda.

"Mene a ciki?"

"Kamara ce. Ɗan jarida ne ni."

"Kawo kati."

Na ba shi katin aiki. Ya karanta sunana da ƙarfi, a hankali, don kowa ya ji. Na ji wani ya zagayo ta bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Na buɗe baki na gaishe su da yaren mahaifiyata. Ba yarensu ba ne, amma sun san ko na ina ne. Wani daga cikinsu ya yi tsaki.

"Yare kowa yana koya," ya ce.

Dattijo bai sauka daga babur ba. Ya kashe injin kawai, ya juyo.

"Yarana, ni na kawo shi. Na san uwarsa, ina wurin da aka binne ta a Fadan Kaje. In ba a ɗauki hoto ba, wa zai san abin da aka yi muku?"

Dogon ya daɗe yana juya katin a hannu. Sannan ya cusa mini shi a aljihun riga da kansa, ya danna da yatsa.

"Ka ɗauki gaskiya. In mun ga ƙarya a jarida, mun san fuskanka."

Suka janye itacen, shi kuma ya hau wani babur ya biyo mu.

Wari ne ya fara tarbar mu. Rumbunan acca da masara suna ta hayaƙi, kwanon rufi ya nannaɗe kamar ganye. A wani gida tukunya tana kan murhu da muciya a ciki. An jera gawawwaki a inuwar mangwaron coci, an rufe su da zannuwa da tabarmi. Na nemi fasto, wani ɗan siririn mutum mai tabarau, na nemi izini. Ya ce in ɗauka, amma kada in buɗe kowa. Ko bai faɗa ba, ba na buɗewa.

Na yi aikina. Idan ido yana cikin kamara, tsoro yakan ɗan ja baya, sai ka sauke ta ya dawo. Na ɗauki rumbuna, na ɗauki maza suna haƙa kabari, na ɗauki wani alade da ke yawo cikin toka. A bakin coci wata tsohuwa tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ba ta kuka, sai dai tana kiran sunaye biyu, ta yi shiru, ta sake kira. Fasto ya ce jikokinta ne mata, ba a gan su cikin matattu ba, ba a gan su cikin masu rai ba.

Rana ta kusa tsaka sai na ji hayaniya ta ɓangaren gonaki. Wani Bafulatani ne ya fito daga cikin masara, dattijo, da malafa a kansa, ba sanda a hannunsa. Ya saɓa ƙaramar yarinya a kafaɗa, wata babba tana riƙe da gefen rigarsa. Daga baya na ji cewa rugarsa tana hayin rafi tun zamanin iyayensa, matarsa ce take kawo nono ƙauyen. Yaran, jikokin tsohuwar nan ne, sun gudu cikin masara, sun tsallake rafi, matar ta tsince su da asuba a bayan garke.

Amma a lokacin ba wanda ya tsaya tambaya. Samarin suka yi kansa. Ya tsaya cak, bai gudu ba, bai kuma sauke yarinyar ba. Ban san lokacin da na ɗaga kamara ba. Na dai ji ƙarar maɓallin a kunnena, na ga wasu sun waiwayo.

Tsohuwar nan ce ta kai gare shi da rarrafe, ta ratsa tsakanin ƙafafun samarin. Ta zauna a kan ƙafafunsa, ta jawo yaran jikinta, ta rungume su tare da gwiwoyinsa. Ba yadda za a kai masa duka ba a taka ta ba. Fasto ya iso da gudu yana ɗaga hannu, yana kiran samarin ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na baftisma. Da kyar aka ja mutumin zuwa cikin coci.

Ina tsaye a waje, sai fasto ya leƙo ya yafuto ni. Bafulatanin yana zaune a kan benci, an ba shi ruwa a kofin roba.

"Malam," ya ce, "ka ɗauke ni?"

"Na ɗauka, Baffa."

"Don girman Allah kada a ga fuskata. Waɗanda suka zo jiya ban san su ba, amma suna da ido a ko'ina. In sun ga na shigo nan, za su ce ni nake kai rahoto. Su kuma mutanen nesa da ba su san ni ba, in sun ga Bafulatani riƙe da yara a garin da aka ƙone, me za su ce na zo yi?"

Na ce masa ba za a gani ba. Ya dube ni kamar yana son ya yarda.

Ina fitowa na ci karo da dogon nan mai rigar ƙwallo. Ashe jirana yake.

"Wannan hoton, ka tura mini a waya."

"Kamarar ba ta turawa. Sai na koma gari."

"To ba ni lambanka."

Na ba shi. Ya kira nan take, sai da ya ji wayar ta yi ƙara a aljihuna sannan ya matsa mini hanya. Ban tambaye shi abin da zai yi da hoton ba.

A hanyar dawowa, da muka iso wata 'yar gada, na ce wa Dattijo ya tsaya. Muka gangara ƙarƙashin wata ɗorawa, na kunna kamara. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba, kuma har yau ban sake ba. Hasken ya sauka daidai kan fuskar mutumin, yarinyar ta kwantar da kai a wuyansa, ga addunan a ɗage ta kowane gefe. Dattijo ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ubangiji Yesu," ya ce a hankali. "Mai Hoto, wannan zai kashe mutum."

Na goge shi. Na bi sauran da fuskar ta fito a ciki, duk na goge. Ina gamawa na shiga ciyawa na yi amai.

A bakin kwalta sojoji suka tsayar da mu, wani ya karɓi kamarar ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Bai ga komai ba sai toka da kaburbura. Ya miƙo mini ya ce mu wuce.

Na tura hotunan kafin la'asar. Ba a jima ba edita ya kira. Labari ya riga ya kai masa ta wajen wakilinmu, wanda ya yi waya da fasto.

"An ce wani Bafulatani ya dawo da yara, kuma kana wurin. Ina hoton?"

"Bai fito ba, ranka ya daɗe. Hannuna yana rawa."

"Ka san abin da ka zubar kuwa? Shafin farko ke nan! Hoton da zai kwantar da hankalin jiha!"

Ya yi faɗa har ya gaji. Na bar shi a kan cewa hannuna ne, don na san in na ce gogewa na yi, gobe duk ofis ya ji, kuma abin da ofis ya ji, gari ya ji. Washegari jarida ta fito da hoton rumbu yana hayaƙi.

Daga nan aka fara kira. Dogon ne da farko. "Ina hoton?" Na ce ya lalace. Ya ce ƙarya nake, ɗan'uwana nake rufa wa asiri. Ya yi ta kira yana kashewa. Sai kuma wata rana, ina tsakiyar ɗaukar hoton bikin yaye ɗalibai, wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar ba tasa ba ce, ta wani ce mai magana a natse, Hausarsa tas, ban iya gane daga ina ya fito ba.

"Kai ne mai hoton da ya je ƙauyen nan?"

"Wa ke magana?"

"Wa ka gani a can?"

Na kashe wayar. Ga shugaban makaranta yana miƙa wa wata ɗaliba kyauta, duk sun juyo suna murmushi suna jirana, ni kuwa na kasa ɗaga kamarar.

Na kwashe matata da yara na kai su wurin ƙanwar mahaifiyata a Fadan Kaje. Na daina zama a shagon caji, sai in ajiye batir in wuce. Na daina bin hanya ɗaya sau biyu a jere. In babur ya rage gudu a kusa da ni, sai in waiwaya da sauri. A masallaci na koma sahun da ke kusa da ƙofa. Mai baƙuwar lambar nan ya sake kira, ya yi tambaya iri ɗaya, kuma har yau ban san ko na wane ɓangare ba ne. Daga baya kiran ya tsaya, ba tare da na san dalili ba, amma sai da aka gama girbin citta kafin na yarda iyalina suka dawo.

Da rani fasto ya kira ni, ya ce mutane sun fara komawa, ana sa sabon kwano, in zo in ɗauka. Na yi ta ba shi uzuri, a ƙarshe dai muka tafi da Dattijo. Tsohuwar tana nan da ranta, jikokin kuma an kai su makaranta wurin dangi a Kafanchan. Na tambayi fasto labarin Bafulatanin. Ya ce ba wanda ya taɓa shi, amma bai ƙara kwana da ido biyu a rufe ba, ana gama kaka ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi gabas. Ya zo ya yi sallama da tsohuwar kafin ya tafi.

Dogon yana kan rufin wani gida da guduma a hannu. Ya gan ni, ya dakata da bugun ƙusa, muka kalli juna. Na ɗaga masa hannu. Ya ci gaba da aikinsa. Na ɗauki masu rufin daga nesa, na ce wa Dattijo mu kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.