Kada Ku Cire Masa Hular

Ranar Asabar ɗin nan ba ta fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita. Sati uku ke nan, amma ko yanzu na ji ƙarar babban babur sai gabana ya faɗi. Inchaj ne ya ce in rubuta abin da ya faru, saboda sababbin da aka kawo mana.

Ni ma'aikaciyar sa-kai ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke kan hanyar Karaye zuwa Rogo. Ga wanda bai san tsarin ba, Inchaj shi ne shugaba, shi ke duba marasa lafiya. Daga shi sai ungozoma, sai mu na ƙasa masu yankan kati da awon jarirai da wanke ciwo. Sakandare kaɗai na gama. Duk abin da na sani na taimakon gaggawa, horon kwana uku ne da aka taɓa yi mana. A ranar Inchaj ya tafi taro Karaye, ungozoma kuma an ɗauke ta zuwa karɓar haihuwa a ƙauyen Turawa. Ni kaɗai ce.

Da kaka, samarin birni masu manyan babura kan zo yawon buɗe ido. Su zaga ta bakin dam su ɗauki hotuna, sannan su miƙe Rogo, dawa ta fid da kai hagu da dama. Hanya ce mai daɗin kallo. Abin da ba su sani ba, lokacin ne mutanenmu ke shanya masara a gefen kwalta, don ta fi saurin bushewa a nan. 'Yan acaɓarmu sun san inda kowace shanya take. Baƙo bai sani ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya suka zo, su shida. Na huɗunsu ya sha kwanar da ke gaban asibitinmu, tayarsa ta hau kan masara. Ina ji ina gani babur ya yi gefe guda, shi ya yi gefe guda.

Kafin in isa jama'a sun rufe shi. Yana kwance rigingine, da hular kwano a kansa. Malam Idi mai masarar yana riƙe da buta, yana ta ɗaga murya.

"Ku cire masa kwanon nan ya sha iska! A yayyafa masa ruwa!"

Mutum biyu har sun kama hannuwansa, za su ɗora shi a babur su sa shi tsakiya, kamar yadda aka saba kai majinyaci. Na kutsa na ɗaga gilashin hular. Idonsa biyu, yana numfashi. Na ce, "Malam, ina ke maka ciwo?"

Ya ce, "Wuyana. Hannuwana kuma kamar ana tsira min allura."

Nan take na tuna abin da aka koya mana: wanda ya faɗo daga babur ya ce wuyansa, ba a ɗaga shi, ba a cire masa hula muddin yana numfashi. In ƙashin wuya ya tsage, juyi ɗaya ya isa ya taɓa laka, mutum ya shanye har abada. Na durƙusa ta wajen kansa, na sa hular tsakanin gwiwoyina, na riƙe ta da hannu biyu. Na ce, "Don Allah ku sake shi. Kada wanda ya taɓa."

Sai surutu ya tashi.

"Wannan 'yar gidan wa ce?"

"'Yar Malam Haruna ce, mai yankan kati."

"To mai yankan kati ce za ta koya mana jinya? Ke, tashi daga kan ɗan mutane, ba ki jin kunya?"

Ina jin kunyar. Budurwa, a tsakiyar titi, da kan namijin da ban sani ba a gwiwata. Na karanta wa ɗaya daga abokan tafiyarsa lambar Inchaj, ya kira ya kara min wayar a kunne. Inchaj bai ja zance ba. "Hannunki yana kan hular? Kada ki ɗauke shi ko gari zai tashi. Ina neman mota."

Ashe an riga an aika a kira Baba mai ɗori. Da na hango shi tafe da sandarsa, sai na ƙara riƙe hular. Shi ya ɗora ƙafar yayana, mahaifina ma durƙusawa yake ya gaishe shi. Wa zai ce masa a'a? Ya tsuguna ya shafa ƙafafun saurayin, ya shafa kafaɗunsa. Sai na ga yatsunsa sun nufi igiyar hular, ƙarƙashin haɓa.

Na ce, "Baba, don girman Allah." "Wuyansa ne."

Ya dube ni. Sannan ya sa ɗan yatsansa a tafin saurayin ya ce, "Samari, matse." Da ƙyar yatsun suka motsa. Baba ya janye hannunsa.

"Ƙafa da hannu nake ɗorawa. Wuya ban taɓa ba, ba kuma zan fara a kan ɗan wani ba. Idi, ajiye butar nan, ba alwala za ka yi masa ba. Ku ja baya."

Ya tambaye ni me nake bukata. Na ce abu mai faɗi da ba ya lanƙwasa. Ya sa aka ciro ƙyauren ƙofar Malam Idi. Shi kuma ya tsaya a kanmu ya baza babbar rigarsa yana yi mana inuwa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Kwalta ta ƙona min gwiwa, zufa na shiga idona ba halin sharewa. Saurayin, Kabiru sunansa, sai tambayata yake, "Malama, zan sake tafiya kuwa?" Ni kuwa ina ce masa ya yi ta salati, kada ya gyaɗa kai.

Inchaj ya iso da a-kori-kura. Ya jera mutum huɗu, ya ƙirga har uku, aka mirgina Kabiru gaba ɗaya kamar gungume, ni ina bin su da kan. Aka ɗaure shi jikin ƙyauren da rawani. Haka na riƙe har babban asibiti, kowane rami muka faɗa sai na ji kamar raina zai fita. Da muka isa, sai da wata nas ta ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Daga can aka wuce da shi Kano. Bayan kwana huɗu abokinsa ya kira Inchaj: ƙashin wuyan ya tsage, amma bai taɓa lakar ba. Kabiru har ya fara takawa.

Ku sababbi, ga abin da na gani. A wurin nan babu mai nufin sharri ko ɗaya. Kowa taimako ya kawo, kuma taimakon ne ya kusa kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ba za a saurare ku ba, don ba ku da muƙami. Ku dai riƙe, har wanda ake jin maganarsa ya iso.

Ana ta yaba min. Amma abin da ke razana ni, ban faɗa wa kowa ba sai yanzu. Da Baba ya ja igiyar nan, wallahi ban sani ba ko zan ci gaba da riƙewa, ko zan sakar masa.