Rubutun Fensir a Akwati na Huɗu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, babbar 'yarki ta kira ni. Hannuwana na cikin safar roba, sai na maƙale wayar da kafaɗa. Ta ce, "Yaya, Mama ta cika." Na ajiye kwalbar da ke hannuna a hankali, na mayar da murfinta, na goge teburin, sannan na zauna na yi kuka. Ko a wannan lokacin tarbiyyarki ce ta riga hawayena.

Shekara ashirin da shida kika yi a ɗakin bincikenmu na hawa na biyu, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Aikinki shi ne renon ƙwayoyin jikin ɗan Adam da muke rayawa a cikin kwalabe. Ba ki da babban digiri, amma farfesoshi uku sun zo sun tafi, kowannensu sai ya tambaye ki kafin ya taɓa wani abu. Anti Fensir muke ce miki a bayan ido, saboda fensirin da ba ya barin aljihun farar rigarki. Ashe kin sani tun tuni! Ni kuwa 'Yar Gaggawa kika sa mini a makona na farko, sunan kuma ya bi ni har yau da nake shugabantar ɗakin.

Duk rayuwarmu a kan ƙwayar gado guda ɗaya muka ƙare ta. Ita ce ke sa jiki ya ƙera wani furotin da masana ke kira kinas. Idan ƙwayar jiki ta lalace, wannan furotin ne ke miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu har ya isa inda ake so, cewa lokaci ya yi, ta mutu ta ba lafiyayyu wuri. In saƙon bai isa ba, lalatacciyar ta ci gaba da hayayyafa, wani lokaci har ta zama ƙari. Littattafai sun cika shafuka da bayaninsa, ke kuwa ɗan aike kawai kike kiransa. Kina cewa shi bai taɓa kashe kowa ba, saƙo aka ba shi ya kai.

Ƙwayoyi iri biyu muke da su. Akwai masu ɗan aiken, da kike kira masu biyayya. Akwai kuma waɗanda kika cire wa shi da hannunki bayan shekara biyu kina gwadawa kina faɗuwa, su ne masu taurin kai. Da su ake gwada komai, kuma babu irinsu a wani wuri sai a ɗakinmu. Duk Litinin da Alhamis kina sauya musu ruwan abincinsu mai launin hoda, kina yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri.

Ba zan manta da ranar maka ba, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada. Ina shekara ta uku a karatuna, kin sha gaya mini a rubuta suna da fensir a kan tef, ni kuwa ina ganin abin tsofaffi ne. Na sayi maka mai kyau na rubuta wa kwalabe goma sha biyu suna a jikinsu. Da na fesa musu sifirit don kashe datti, sai rubutun ya narke ya gangara gaba ɗaya. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa masu biyayya da masu taurin kai kamarsu ɗaya sak. Na zauna a ƙasa ina cewa aikina na shekara uku ya tafi.

Ba ki yi mini faɗa ba. Kika ce, "Tashi, 'Yar Gaggawa, ƙasan nan ba a goge ba. Tunda kin manta su wane ne, sai mu tambaye su." Kika ɗebi kaɗan daga kowace kwalba, kika ɗiga musu sinadarin da ke tayar da ɗan aike. Washegari da safe shida sun mutu, su ne masu biyayya, shida suna nan daram. Kika ciro fensirinki kika karya shi biyu, kika miƙo mini rabin da ke da magogi, wai ni ce na fi bukatarsa.

Haka kike da kowa. Ɗalibar da ta haihu ana tsakiyar gwajinta, ke kika riƙe mata ƙwayoyinta wata uku ba tare da an roƙe ki ba. Mai shara ma kin koya mata leƙa madubi, don kawai ta ga abin da take share wa ɗaki.

Anti, akwai abin da ban gaya miki ba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da ciwo ya kwantar da ke a watan Janairu, ni na karɓi renon masu taurin kai. Wata Alhamis ina sauri tsakanin taro da zuwa duba ki, na buɗe kwalbar abincinsu ban goge wuyanta ba. Kwana uku ruwan ya yi duhu-duhu, fumfuna ta cinye su tas. Na ruga tankin sanyi inda muke daskarar da na ajiya, sai na tuna tun bara muka narkar da na ƙarshe. Kin ce in daskarar da wasu, ni kuma kullum gobe, kullum gobe.

Da na shigo ɗakinki a asibiti, tambayarki ta farko ita ce, "Ya yarana?" Na ce lafiya lau. Kika dube ni na ɗan lokaci, kika yi murmushi, kika ce in gyara miki matashi. Wallahi ƙaryar nan ta fi mini asarar ciwo, kuma da ita a bakina kika bar duniya.

Ranar da muka yi kwana bakwai da rashinki, 'yarki ta kawo mini farar rigarki a ninke. A aljihu akwai fensir da wata tsohuwar takarda da ta yi laushi. Rubutunki ne: "Tanki na biyu, akwati na huɗu, layi na uku. Masu taurin kai, guda biyar. Na 'Yar Gaggawa ne, don ranar da za ta bukata." Na duba kwanan watan da ke ƙasa, sai na ga makon ranar maka ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Na sa safar sanyi na jawo akwatin, tururi na tashi. Suna nan su biyar, rubutun bai ko dushe ba. Na narkar da ɗaya, na goge wuyan kowace kwalba sau biyu. A rana ta uku suka kama gindin kwalbar suka fara yaɗuwa. Jiya na daskarar da ashirin, na rubuta musu suna da rabin fensirin nan mai magogi. Yanzu in kin tambaye ni, Anti, yaranki lafiya lau, kuma wannan karon gaskiya na faɗa. Ki yafe mini.

Ya Allah, baiwarKa ta amsa kiranKa ba ta yi gardama ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara. Yadda ta rufa mana asiri tun kafin mu yi kuskure, Ka rufa mata nata. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta huɗu, da jikokinta, da duk wanda ya taɓa koyon riƙe kwalba a hannunta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa Aljanna ce makomarta, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.